Ranar da Haruffan Dalma Suka Zube

Yatsu biyu na hannuna na dama ba sa lanƙwasuwa, na tsakiya da wanda ake nuni da shi. Idan zan riƙe biro sai in tokare shi da babban yatsa da na kusa da ƙarami, shi ya sa rubutuna ya kwanta gefe guda kamar ciyawar da ruwa ya bi ta kanta. Duk wanda ya tambaya nakan ce masa inji ne ya kama ni a wani gidan tarihi a Kuala Lumpur. Ban yi ƙarya ba, amma ba shi ke nan ba.

A gidanmu na Kano, Umma ba ta yarda takarda mai rubutun Larabci ta zauna a ƙasa. Ko a titi ka gan ta, ko a bakin kwata, sai ka duƙa ka ɗauka, ka karkaɗe, ka kawo gida. Akwai wata tsohuwar kwalla a kan durowarta, nan muke zubawa, idan ta cika Umma ta ƙona ta binne tokar a gindin lemo. Ba ma tsayawa karantawa. Ganin ƙirar baƙin kawai ya isa. Sau ɗaya tak na taɓa ganin Umma ta ɗaga hannu ta mari ɗa, ranar da Yaya ya shigo da gudu ya taka wani yagaggen shafi a zaure da takalmin ƙwallo. Yana da shekara goma sha biyu, ni ina da biyar. Har yamma shatin yatsunta na nan a kuncinsa.

Yaya shi ne babba, ni ce auta. Mutum ne mai kyauta da son dariya, amma idan ransa ya ɓaci hannunsa ne ke fara magana. Malamin jami'a ne a gida, gwamnati ta turo shi digiri na uku, ya shekara uku a Kuala Lumpur kafin in zo nawa karatun a kan tarihin littattafai. Matarsa ta koma gida haihuwa, sai na zauna a ƙaramin ɗakin gidansa a unguwar Danau Kota, hawa na goma sha huɗu.

Ban fi wata guda da zuwa ba wani abu ya faru a wurin ajiye motoci na ƙasan benen. Wani mutum ya tare mana hanya da motarsa, Yaya ya yi masa magana, shi kuma ya faɗi wata kalma a kan baƙar fata. Ina riƙe da ledar cefane na ga Yaya ya cafki ƙeyarsa ya haɗa fuskarsa da murfin motar. Sau biyu. Ƙarar kamar an jefar da kwano. Da mutumin ya ɗago, bakinsa ja wur, haƙori ɗaya yana kan siminti kusa da tumatir ɗina da ya gangara. Masu gadi uku ne suka janye Yaya.

Jami'ar da yake karatu ta sa shi ya sa hannu a takarda: idan aka sake kai ƙararsa wurin 'yan sanda ko sau ɗaya, za a kore shi, a soke bizarsa, ya koma gida hannu biyu. Saura wata biyar ya kare aikinsa a gaban malamai.

Umma ta kira ni. Ta ce, "Auta, ki riƙe min shi. Wata biyar ne kacal. Ke kaɗai yake jin kunya."

Na ce to. Na riƙe shi iya ƙarfina. Na share farantan da ya fasa, na bai wa maƙwabta haƙuri kan ƙofar da ya daka da ƙafa, na koyi gane jijiyar da ke tashi a gefen wuyansa kafin muryarsa ta tashi. Idan na gan ta sai in ce ina jin yunwa, ko kaina na ciwo, mu bar wurin.

Wata Asabar na roƙe shi ya raka ni wani ɗan gidan tarihin ɗab'i da ke unguwar Brickfields. Ina da aikin da zan rubuta, kuma ina so ya fita daga ɗaki ya sha iska. Muka hau jirgin da ke bin doron gada daga tashar Titiwangsa.

Ya ce, "Duk faɗin garin nan ki rasa inda za ki kai ni sai gidan tsofaffin ƙarafa?"

Na ce, "Yaya, ai kai ma ka kusa zama kayan tarihi a ɗakin karatu. Gara ka je ka ga 'yan'uwanka."

"Lallai yarinyar nan kin ƙoshi. To idan mun fito sai mun biya wurin mamak ɗin nan mai sayar da abinci mun makan, mun cika ciki, in ba haka ba a tasha ta gaba zan sauka."

Yana dariya ya faɗa. Ina tuna wannan dariyar sosai.

Gidan tarihin wani tsohon kanti ne mai hawa biyu, siriri, tsakanin mai sayar da furanni da mai ɗinkin labule. Wata Ba'indiya ce ta tarbe mu, za ta kai shekara arba'in, tabarau rataye a wuyanta. Ta ce maɗaba'ar kakanta ce, da aiki ya mutu suka mai da ita gidan tarihi ita da mahaifinta. Mu kaɗai ne baƙi a ranar. Ta ce mu fara da sama, inda kayan Turai suke.

Ɗakin saman sanyi gare shi, ga ƙanshin tsohuwar takarda. A cikin gilasai akwai shafuka ɗaiɗai da aka ciro daga littattafan farko da Turawa suka buga da inji, wasu sun haura shekara ɗari biyar. Rubutun baƙi ƙirin, a cushe, haruffan a miƙe kafaɗa da kafaɗa kamar dangar kara. Harafin farko na kowane sashe ne kawai aka zana da hannu da jan launi, har da ganye da tsuntsu. Na tsaya a kan wani shafi na ji kamar in sa kunne. Wani mutum ya tsaya a ɗaki mai sanyi a ƙasar Jamus ya ɗaga wannan takarda da danshinta ya duba ta a hasken taga, ga ta yau a gabana, ni 'yar Kano, a garin da ruwan sama ke sauka da ɗumi.

Matar ta nuna mana yadda ake yin harafi. A sassaƙa shi a bakin ƙarfe mai tauri, a daka shi da guduma cikin tagulla ya bar gurbi, a narka dalma a zuba a gurbin. Ta sa mini guda a tafin hannu, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa, a juye yake, sai an danna shi a takarda yake dawowa daidai. A tsakiyar ɗakin akwai injin katako da aka ƙera irin na farko, mai ƙaton dunƙulen da ake murɗawa. Ta ce daga abin matse inabi suka samo dabarar.

A bangon ƙarshe ne hotunan suke. Takardun labarai ne na wancan zamani, waɗanda ake sassaƙa hoton a katako a shafa tawada a danna. Wani gari yana cin wuta, sojoji suna jefo mutane ta taga a kan tsinin masu. Wata mata an ja ta da gashi. Wani mutum an ɗaure shi a jikin ƙafar keken doki, an kakkarya hannayensa da ƙafafunsa an saƙa su cikin sandunan, ga jama'a a tsaye suna kallo, ɗaya har yana cin burodi. Matar ta ce irin waɗannan su suka fi shiga kasuwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mai sassaƙar. Sai da ya zauna kwana da kwanaki da 'yar wuƙarsa yana cire katako a hankali, yana barin kowane ɗigon jini a tsaye don ya ɗauki tawada.

Yaya ya leƙo ta kafaɗata. Ya ce da Hausa, "Kin gan su ko? Masu koya wa duniya wayewa. Ni haƙori ɗaya na cire aka sa ni sa hannu."

"Yaya, don Allah."

"Wasa nake, Auta."

Muka sauko ƙasa, can ciki, inda mahaifinta yake. Tsoho ne siriri cikin farar singileti, da zanen farar toka a goshinsa. Rabin yatsa ɗaya na hannunsa na hagu babu. Kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya yake ji. Bango guda cike yake da kabad mai siraran durowoyi, kowace an rarraba cikinta gida gida kamar gurbin dara, kowane gida da harafinsa. 'Yarsa ta ce akwai na Turanci, na Tamil, da na Larabci, wasu babu irinsu kuma, masana'antar da ta zuba su ta daɗe da rufewa.

Injin yana tsakiya, baƙi, ya fi ni tsawo. Daga Ingila aka kawo shi a jirgin ruwa zamanin kakanta. Yana da abin takawa kamar keken ɗinki, da ƙaton wili na ƙarfe a gefe, da faranti biyu masu buɗewa su rufe kamar baki. Haruffan suna jikin ɗaya, takarda a jikin ɗayan. Tsohon ya taka, wilin ya fara juyawa, bakin ya buɗe, ya sa takarda da dama, bakin ya rufe, ya buɗe, ya zare da hagu. Ya ɗaga guntun yatsansa ya nuna mana, ya nuna bakin injin, ya yi dariya. Wayar kanti ta yi ƙara, 'yar ta tafi gaba ta ɗauka.

Takardun farko tawada ba ta kama su daidai ba. Yana zarewa yana dubawa yana saki a ƙasa. Ta uku ce ta faɗo kusa da ƙafata, sai na ga rubutun Larabci ne. Na dubi ƙasa da kyau. Akwai wasu da yawa tun na jiya da shekaranjiya, a tattake, da shatin silifas a kansu. Ɗaya ya goge wuƙar tawada da ita ya dunƙule. Ƙafarsa ta hagu, wadda ba ta takawa, a kan guda biyu take tsaye.

Na san Malayawa suna rubuta harshensu da baƙaƙen Larabci kamar ajaminmu. Na karanta a aji, Yaya ma yana gani kullum a allunan titi. Amma jikina bai tsaya tambayar kaina ba. Na duƙa na fara tsincewa. Ni na fara. Yaya yana duba wayarsa ne a lokacin, da ban duƙa ba da bai kalli ƙasa ba.

"Me kike ɗauka?"

Ya gani. Na ga jijiyar ta tashi.

Ya ce wa tsohon da Turanci, "Baba, ɗaga ƙafarka."

Tsohon bai ji ba, inji na ƙara. Yana ta takawa.

"Na ce ka ɗaga ƙafarka daga kan takardar nan!"

Na ce, "Yaya, kaina na ciwo, zo mu tafi." Ko kallona bai yi ba.

Tsohon ya juyo, ya ga takardu a hannuna, ya ɗauka so muke mu tafi da su tsaraba. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Boleh, boleh, ku ɗauka lah," wato babu komai. Sai ya sa ƙafa ya tattaro sauran ya turo mana su da silifas ɗinsa.

Marin da Yaya ya kai masa ya fi ƙarar injin. Tabaran tsohon ya yi sama ya bugi bango. Kafin ya kai ƙasa Yaya ya damƙi singiletinsa da hannu biyu, ya ɗaga shi cak, ya maka shi da kabad ɗin haruffa. Kabad ɗin ya yi baya ya daki bango, ya dawo gaba. Durowoyin suka zazzago ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, kamar an juye tirelar tsakuwa a kan kwano. Dalma ta cika ɗakin, tana tsalle, tana gangarawa ƙarƙashin komai. Wata durowa ta sauka a kafaɗar tsohon da gefenta, na ji wani abu ya ce ƙas. Goshinsa ya tsage daga gira zuwa gashi, jini ya wanke farar tokar ya shiga idonsa.

Yaya yana ihu da Hausa, yaren da tsohon bai sani ba. "Sunan Allah za ka taka? A gabana? Da ƙafa za ka turo min?"

Tsohon ya ɗaga hannun da ke motsi ya kare fuskarsa. Yaya ya sa ƙafa ya shure hannun. Ya waiga, ya ga gudumar katako da ake daidaita haruffa da ita a kan tebur, ya ɗauka.

Na faɗa kansa ta baya na rungume hannun. Ina cewa, "Yaya, Umma! Yaya, wata biyar! Ka tuna Umma!" Ban san ko ya san ni ce ba. Ya girgiza kafaɗa kamar mai korar ƙuda, ya wurgar da ni. Ƙafata ta hau kan haruffan, suka gangara da ni kamar na taka wake. Na miƙa hannu in dafa wani abu.

Ba mai taka injin, amma wilin yana da nauyi, bai gama juyawa ba. Bakin a buɗe yake lokacin da hannuna ya shiga. Na ga yana rufowa, a hankali ma yake zuwa, na kasa zarewa don duk nauyina a kansa yake.

Ban ji zafi nan take ba. Ƙara na ji, kamar an taka busasshen kara, na ji ta a haƙorana. Bakin ya buɗe, ya nufo ni karo na biyu. Sai a lokacin na yi ƙara, muryar da ban san ina da ita ba.

Yaya ya saki gudumar ya faɗa kan wilin da ƙirji da hannu biyu. Wilin ya ja shi har ƙasa, ya sale masa fatar tafin hannu, sannan ya tsaya. Saura kaɗan bakin ya sake haɗuwa. Na zaro hannuna. Yatsu biyun sun baje, sun karkace ta inda yatsa ba ya karkata, farcen ɗaya yana rataye. A bayan hannuna haruffa sun fito baƙi, sun nutse cikin fata, jini yana cika gurabensu.

Yaya ya durƙusa a cikin dalmar. "Auta. Auta, kalle ni. Innalillahi. Auta."

Tsohon ne ya fara isowa wurina, da rarrafe, hannu ɗaya yana lilo. Ido ɗaya kawai yake gani da shi don jini. Ya jawo takardu masu tsabta daga cikin waɗanda ya buga, ya naɗe mini hannun, ya ɗaga shi sama da kaina, ya riƙe wuyan hannun gam. Yana ta faɗin wata kalma da yarensa, irin yadda ake rarrashin yaro.

'Yarsa ta shigo da gudu ta tsaya turus. Ta dubi mahaifinta, ta dubi kabad, ta dubi Yaya. Ta ɗauki gudumar daga ƙasa. Na ɗauka kan Yaya za ta fasa, shi ma ya sunkuyar da kan bai kare ba. Ta jefa ta bango da ƙarfi har fenti ya ɓare.

Ta ce, "Asibiti tukuna. Daga can wurin 'yan sanda zan wuce. Akwai kyamara a ɗakin nan, ta ɗauki komai."

A motarta muka tafi, tsohon a gaba, ni da Yaya a baya yana riƙe da gwiwar hannuna a sama. Jini yana bin hannun rigata yana shiga hammata.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta jiƙa takardun ta ɓamɓare su ɗaya ɗaya ta zuba a faranti. Ta saman ba ta jiƙe duka ba. Don in kawar da idona daga hannuna sai na kafa shi a kanta, na fara haɗa baƙi kamar yadda kakarmu ta koya mini ajami. Babbar kalmar da ke sama ta fito: sabun. Na san ta, ina ganin ta a kanti. Sabulu. A ƙasa ga ɗan zanen kumfa da fure, wanda ba mu ko lura da shi ba. Tallan sabulun wanka ne na zamanin da.

Na ce, "Yaya, karanta."

Ya karanta. Ya sake karantawa. Ya fita waje, na ji yana amai.

An ɗauki hoton ƙashi, an yi mini allura, aka ce sai an shiga da ni tiyata da la'asar. Tsohon an yi masa ɗinki a goshi, ƙashin kafaɗarsa ya karye, an rataye hannun a wuyansa. Kafin a zo ɗaukata na hango 'yarsa a baranda tana neman makullin mota a jaka. Na sauko daga gadon, na bi bango, na je gabanta na durƙusa har ƙasa, kamar yadda muke yi a gida. Na gaya mata komai: takardar da ya sa wa hannu, wata biyar ɗin, matarsa mai ciki, kwallar Umma, marin zaure.

Ta ce, "Tashi. Ba a durƙusa mini."

Ban tashi ba.

Ta ce, "Kin san abin da ke saman kabad ɗin da ya kayar? Gwangwani ne na biskit. Tun zamanin kakana, duk takardar da ta lalace mai sunan Ubangiji, na kowane addini, a ciki ake sa ta, ba ta taɓa ƙasa. Mahaifina yana karanta rubutun nan tun kafin a haifi yayanki. Da ya tambaya, da an gaya masa." Ta share ido da bayan hannu. "Sau nawa kika yi wannan durƙuson saboda shi?"

Ba ta jira amsata ba.

"Na rantse, da gudumar nan ta sauka a kan mahaifina, yau gawa zan ɗauka. Ke kuma ki zo ki ce mini wata biyar?"

Tsohon yana zaune a keken marasa lafiya kusa da mu. Ya ja gefen rigarta ya tambayi abin da ake cewa, ta sunkuya ta faɗa masa a kunne da ƙarfi. Suka yi ta musu da yarensu, ita tana kuka tana nuna goshinsa, shi yana girgiza kai. Daga ƙarshe ta juyo, fuskarta a murtuke.

"Ya ce in tambaye ki, 'yan sanda za su tsince masa haruffansa? Idonsa ba ya gani sosai, ni kuma ban iya na Larabcin ba. Ya ce wanda ya zubar ya riƙa zuwa duk Asabar ya mai da kowanne gidansa. Ranar da ya fasa zuwa ko sau ɗaya, ni da kaina zan kai musu hoton kyamarar. Ba don shi na yarda ba, ki gaya masa. Ba don ke ba ma."

Asabar tara Yaya ya yi yana zuwa, daga safe har la'asar. Sau ɗaya na bi shi, hannuna a naɗe da ƙarafa biyu a ciki. Na same shi a durƙushe a kan siminti da ɗan hantsaki, yana ɗaga harafi zuwa haske, yana juya shi, yana neman gidansa. Tsohon yana kan kujera da sanda a hannun hagu. Ba ya yi masa magana. Idan ya sa a gidan da ba daidai ba sai ya ƙwanƙwasa durowar da sanda, Yaya ya ciro ya sake. A gefe akwai bokiti, nan ake zuba waɗanda suka karye ko fuskarsu ta daƙushe. Ya kusa rabi. Gwangwanin biskit ɗin ya loɓe a gefe, an mai da shi can sama.

Kafaɗar tsohon ba ta koma daidai ba. Bai sake sa takarda a bakin injin ba. Aka ɗaure wilin da sarƙa, aka sa igiya a gabansa, baƙi suna kallo daga nesa.

Sai da Yaya ya kare aikinsa, malamai suka amince, sannan na gaya wa Umma gaskiya. Da farko ce mata muka yi ƙofar mota ce. Ta kira da hantsi tana ta sa mini albarka, tana cewa na riƙe mata shi. Na ce, "Umma, ki saurara," na faɗa mata tun daga duƙawata har zuwa gudumar.

Ta ce, "Takardun fa? An ɗauke su daga ƙasan?"

Na ce, "Umma, tallan sabulu ne."

Can ta ce, "Bawan Allahn nan, yana da mai dafa masa abinci?" Sai ta fashe da kuka, ni ma na yi.

Na ce mata ba zan ƙara riƙe kowa ba.

Yaya ya koma gida da takardar shaidarsa, sunansa bai sake shiga littafin 'yan sanda ba. Na raka shi filin jirgi da rana tsaka. Tun daga ranar gidan tarihin bai ƙara ɗaga mini murya ba, bai kuma ƙara tsokanata ba, har dariyar ta tafi tare da faɗan. A bakin layi ya tsaya yana jujjuya fasfo a hannu.

Ya ce, "Auta, ki yafe min."

Na ce, "Na yafe, Yaya. Ka gai da Umma, ka shafa min kan jaririn."

Ya shiga layi. Da ya kai ƙofa ya waigo, na ɗaga masa hannu ban yi tunani ba, na daman ne, yatsu biyun a miƙe a sandare. Ya kalle su, ya sunkuyar da kai, ya wuce ciki.